Farar Shaddata a Bakin Tafki

Na kwana ina aiki a asibiti, idona kamar an zuba yashi, amma da Likita Bitrus ya ce in raka shi kallon agwagin daji da ke yada zango a wani tafki kan duwatsu, sai na amsa. Ni kuwa ba na shiga cikin manya da tsumma. Na zuba farar babbar rigata, shadda mai sitaci.

"Malam, haka za ka?" in ji shi.

"Haka za ni, Likita."

Muka tarar da mutane tsugune cikin ciyawa, kowa da tufafi kalar ƙasa, ba mai ko tari. Wata tsohuwa ta raɗa mana cewa agwagwar da ta yi shekaru tana jira ta sauka. Na miƙe in gani, na saɓa hannun riga. Iskar kaka ta cika ta fam kamar tanti. Tsuntsayen tafkin kaf suka tashi, suka yi kudu.

Ba wanda ya zage ni, kallona kawai suka yi.

Har yau in na sa rigar, matata sai ta leƙa taga ta ce, "Baban Amina, bari tattabarun unguwarmu ta Soundview su gama kiwo tukuna."