Ranar da Na Je Jana'izar Kawu da Wandon Keke

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da aka binne Kawu Mamman a Dundaye ba. Rasuwar kaɗai ta isa abin tunawa, amma ni sai da na haɗa da abin kunyar da har yau in ya faɗo mini a rai nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga asibiti abin ya faro. Likita ya ce jinina ya hau, tumbi kuma ya yi gaba ya bar ni a baya, ko in motsa jiki ko in shirya zama da magani. Da mai hankali ne, sai ya riƙa zagaya unguwa da ƙafa. Ni kuwa sai na faɗa kallon masu tseren keke a waya, suna bin titin bakin teku, su gangara kwari, su haye duwatsu. Na ce ni ma haka zan yi. (Ban tsaya tambayar kaina inda zan samo teku a Sakkwato ba.) Na sayi keke ɗan gwanjo mai siririyar taya, na haɗa da hular kwano, baƙin tabarau, riga mai ruwan ɗorawa, da wani wando mai ɗame jiki wanda ko gwiwa bai kai ba. Har da takalmin da ke maƙalewa a feda, sai ka murɗa diddige kafin ƙafa ta fita. Ranar da maiɗakina ta fara ganina cikinsu salati ta yi, ta ce in dai haka zan fita, to in fita kafin maƙwabta su buɗe ƙofa.

Haka kuwa na riƙa yi duk Asabar. Da an sallame sallar asuba sai in sulale daga Mabera, in ratsa gari ta Gawon Nama, in gangara fadama. Gulbin Rima ne tekuna, 'yan tuddan bayan Dundaye su ne duwatsuna. Kuma gaskiya hanyar tana da daɗi: shinkafa kore shar dama da hagu, ƙarar injin ban ruwa, ƙamshin albasa, sanyin gulbi yana dukan fuska. Wuri ɗaya ne kawai ba na jin daɗinsa, wato tsakiyar Dundaye, domin gidan Kawu yana dab da titi.

Kawu Mamman ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi ya koya mini keke ma, a kan wani baƙin kekensa mai kariya da yake kai albasa kasuwa da shi. Kafin ya hau sai ya ɗaure ƙafar wandonsa da tsinken robar tsohon tib don kada sarƙa ta kama, ya yi bisimilla, sannan ya taka. Mutum ne mai kamun kai, ban taɓa ganin ko ƙwaurinsa a waje ba. Tun da ya fara manyanta yake ce mini, "In na cika, kai za ka sa ni cikin kushewata. Kada ka bari wani ya riga ka." Ni kuma in yi dariya in ce sai ya ga jikokin jikokinsa.

To, mutum irin wannan ne zan tsaya a gabansa da wando kamar fata? Na kan je gaishe shi da mota, cikin manyan kaya, kamar mutumin kirki. Amma ranar Asabar, da na doso garin sai in duƙar da kai, in gyara tabarau, in taka da ƙarfi har sai na wuce. A zatona babu wanda ya san ni ne.

Ran da abin ya faru ma haka na wuce, ko waiwayen gidan ban yi ba. Sai da hantsi ya ɗaga, na haye tudun ƙarshe ina haki, na tsaya shan ruwa, sannan na ciro waya. Na tarar Sani, babban ɗan Kawu, ya yi ta kira. Ina bugawa ya ɗauka.

"Yaya, ina kake? Baba ya rasu bayan asuba. An yi wanka, an sa likkahwani, kai ɗai aka jira."

Na yi innalillahi. Da na dawo hayyacina sai na dubi jikina. Na ce, "Sani, ku ba ni lokaci in je Mabera in sake kaya."

"Mabera? Rana ta yi, mutane sun taru, liman shina tsaye. Ko ka taho yanzu, ko in shiga ramin da kaina. Ka dai san abin da yac ce."

Na sani kuwa. Mabera tana wancan ƙarshen gari, ba a ajiye gawa don wani ya je neman wando. Na juya kan keke. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, hawaye da gumi sun haɗu a cikin tabarau har ba na ganin titi sosai.

Ƙofar gidan cike take maƙil. Dattawa cikin fararen riguna, manoma da suka baro fadama, 'yan kasuwar albasa, ga makara an ajiye a gaba. Wuri ya yi tsit. Cikin wannan shirun na shigo da gudu, na ja birki, na manta sarai cewa ƙafafuna a maƙale suke. Keken ya tsaya cak, na fizgi ƙafa ta ƙi fita, sai ga ni ina tafiya gefe a hankali, a hankali, har na zube rigijib a gaban makarar Kawu, keke a kaina, taya tana juyawa.

Babu wanda ya yi dariya. (Wallahi da an yi, da ya fi mini sauƙi.) Mutum biyu suka ɗaga keken, suka yi ta kokawa da takalmin kafin su raba ni da feda. Na miƙe tsaye, ƙura a gefen jiki, cinyoyi a waje. Na ji wani tsoho daga baya yana tambaya a hankali, "Wanga baƙon hwa, daga ina?" Aka ce masa ɗan marigayi ne. Sai ya ce, "La'ilaha illallahu."

Na nufi buta in yi alwala, takalmin yana ƙwas-ƙwas, ina tafiya kamar agwagwa. Da na gama, cikin ruɗewa na mayar da komai jikina na doshi sahu, liman ya kawar da kai gefe, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗana, ba a tsayawa gaban Ubangiji haka. A samo mai abin da za shi suturta jikinai." A nan ne na so a ce ni ne cikin makarar.

Sani ya shiga gida. Bai jima ba ya fito da wata shuɗiyar riga da ta sha wanki, ya ce Inna Hajo, matar Kawu, ta ce a ba ni. Tun kafin ta iso hannuna na gane ta. Rigar da Kawu ya saba yin sallar asuba da ita ce. Na zura ta, ta sauka har ƙwauri, ƙamshinsa na nan a wuyanta. Na cire takalmi da tabarau na shiga sahu. Har liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara, na kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Malam, kwanon." Ashe hular tana kaina.

Aka yi salla, aka ɗauka zuwa maƙabarta. Ni na shiga ramin, ni na karɓe shi, na kwantar da shi ta gefen dama ya fuskanci alƙibla. Da na fito na sa hannu a aljihun rigar in nemi abin share fuska, sai na ji wani abu mai laushi. Tsinken robar nan ne da yake ɗaure wando. Nan kukan da kunya ta danne tun ɗazu ya ƙwace mini.

Bayan mun dawo na shiga yi wa Inna Hajo ta'aziyya. Na durƙusa na ce ta yafe mini shigar da na zo da ita, na ba su kunya a gaban jama'a. Ta daɗe tana kallona, idanunta jajur.

"Mu wannan shiga taka ba baƙuwa ta ba," in ji ta. "Tun randa kah hwara wucewa ya gane ka. Duk Asabar da ya taso masallaci sai ya sa a kai mai tabarma gindin dogon yaro. In ka wuce shi ce, 'Ga ɗana can, ni na koya mai. Kunyata shika ji, kada kowa ya kira shi. Wata rana za shi tsaya don kainai.' Yau ma sai da yat tambaya ko Asabar ta."

Na fara cire rigar don a mayar cikin kayan gado, Sani ya riƙe hannuna ya ce shi da ƙannensa sun bar mini.

Har yanzu ina hawan keke, jinin ma ya sauka. Sauran mahaya kan ɗaure tib da famfo a ƙarƙashin sirdi, ni doguwar riga nake ɗaurewa, da robar Kawu. In na doso Dundaye sai in murɗa diddige tun daga nesa, in sauka, in zura rigar, in shiga in gaida Inna Hajo. Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma ban koye shi da arha ba: kunyar da na ƙi sha a gaban mutum ɗaya mai ƙaunata, sai da na sha ta a gaban gari guda. Na tsaya ɗin kuwa, kamar yadda ya faɗa, sai dai an riga an naɗe tabarmar.