Yadda Ake Gaida Basukuma

"Na kama ƙafarki, Bibi."

"Sakar min ƙafa, mijin banza. Kullum gaisuwa, ba cefane."

Jikana Kibwana ke nan, Bibi yake ce min, wato kaka. Ya zube a gefen tabarmata da la'asar, ruwan Bagamoyo ya janye ya bar kwale-kwale kwance a yashi. Ya gama karatun gyaran injin jirgin ruwa, amma har yau ɗanyar kwakwa yake sara wa baƙi a bakin teku.

"Me kake kallo a wayar nan, baki buɗe?"

"Wata mata ce mai jiragen ruwa na fasinja a tafkin Mwanza. A dandalin da ma'aikata ke sanin juna na samo ta. Tana ɗaukar makanikai, gobe za a rufe. Na yi ta tura saƙo, tana gani, ba ta amsawa."

"Karanta min."

"Ranki ya daɗe, mai girma shugaba, ina mai ƙanƙan da kai..."

"Tsaya, barci ya ɗebe ni. Ko ni matarka ba zan amsa wannan ba."

"Ke da sai an yi ihu kike ji?"

"Kunnena lafiya lau, zaɓen magana yake."

Ya kwanta rigingine, ya ɗora wayar a ƙirji. "Bibi, da kin ga jirgin. Fari, hawa biyu. Ina ganin kaina na fito daga ɗakin inji da asuba, tafkin ya yi luf, duwatsun Mwanza suna tasowa daga hazo."

"Ni kuma ina can sama kan kujera mai taushi, ana min fifita, ga soyayyen kifi a faranti."

"Ke? Ai jirgin karkacewa zai yi."

"Ɗan nema! Kai da iska ke ɗauka in ba kwakwa a hannunka. Ya sunan matar?"

"Kabula Shija."

Na tashi zaune. "Mai wannan suna ai Basukuma ce, abokiyar wasanmu! Kana Bazaramo kake ce wa Basukuma ranki ya daɗe? Kakanninta makiyaya da suka sauko bakin teku da kaya a ka, a tsakar gidanmu suka kwana. Tun ranar ba ma gaisawa sai da zagi."

"Bibi, nan wurin manya ne. Kowa da kwat a hotonsa."

"Kwat ba ta fitar da warin shanu. Miƙo in ga jirgin nan da kyau."

Ya miƙo, sakarai. Na danne wurin da yake danna min in zan aika wa kawunsa murya.

"Kabula 'yar masu dako! Chausiku ce ta Bagamoyo, uwargijiyarki. Wa ya ba Basukuma jirgi? Ko kin ɗauka saniya ce ake kora da sanda? Ga jikana nan, ya san inji kamar yadda kika san malmalar tuwo. Takardunsa na nan sama cikin saƙonninsa, karanta in kin iya."

Na saki yatsa, murya ta tafi.

Kibwana ya ɗora hannu a ka. "Kin kashe ni. Ni da kwakwa har abada."

"Kwakwar ma ba ka iya sara ba."

Ya karɓe wayar, ya kife ta a tabarma. Ruwa ya fara dawowa yana lasar gindin kwale-kwale. Sai na tuna ba duk 'yan boko ne suka san wasa ba. Na ga farin jirgin nan yana nisa, da kujerata, da kifina.

Can wayar ta yi ƙara. Dariyar mace ta fara fitowa kafin magana.

"Tsohuwar Bazarama! Ashe kuna tashi daga wurin rawa ku nemi aiki? Da wannan ladabin nasa na ɗauka ɗan damfara ne. Turo shi Litinin in gwada shi. In ya ji ganga ya yar min da sifana, a buhu zan dawo miki da shi."

Yaron ya sake saurara, ya sake, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya zaro addarsa, ya sare kwakwa mafi girma, ya durƙusa ya miƙo min.

"Na sallama, Bibi. Kujerar sama taki ce."

"Da mai fifita."

"Da mai fifita. Amma a tsakiya za ki zauna, kar jirgin mutane ya karkace."