Zagin Kaka Teng Ya Yi Tsada

"Kaka, an tashi lafiya? Ya ƙafar?"

"Lafiya lau, 'yar albarka. Sannu da zuwa, sannu da ƙoƙari. Ga kujera, zauna mana."

Da jin haka na san mun shiga uku. Shekarata hamsin ina maƙwabtaka da tsoho Teng, ban taɓa jin ya kira jikarsa Lanfen 'yar albarka ba. Ja'ira yake ce mata, ita kuma ta ce masa tsohon biri, a haka suke tun tana koyon magana.

Ga abin da ya kawo mu. Lanfen ta yi shekara goma sha biyu tana ɗinkin takalma a masana'anta a birnin Dongguan, ta dawo ƙauye tana gina gida. A nan tsaunukanmu kuwa babbar azarar tsakiyar rufi ba a sayenta, sato ta ake yi a tudun wani, a bar masa jar ambulan da 'yan kuɗi a ciki a kan kututture. Mai itace ya wayi gari ya yi ta surfa zagi, iya zaginsa iya arzikin gidan. In ya yi shiru, an yi satar banza. Jiya mu huɗu muka sare bishiyar tsoho Teng mafi miƙewa, muka sauko da ita a kafaɗa ba mu bari ta taɓa ƙasa ba, har yanzu wuyana ba ya juyuwa. Kafinta ya ce ƙarfe goma daidai za a ɗaga azara. Ga shi tara ta gota, tsoho na zaune a ƙofar gida yana zuƙar lofe kamar ba shi aka yi wa ɓarna ba.

"Kaka, ka hau tudu yau?" in ji Lanfen.

"Na hau. Iska mai daɗi."

"Ba ka ga komai ba?"

"Na ga kututture. Na ce kai, wanda ya yi saran nan ya iya aiki."

"Ni ce fa na sa aka sace!"

"Madalla. Kin kyauta."

"Haba tsohon biri! Kullum kyauta kake zagina, ko atishawa na yi sai ka tanka. Yau da nake nema sai ka zama waliyyi?"

"Da can ke nan. Siminti nawa kika ce ya koma?"

"Kada ka tuna mini. Buhun da na fara saya da na shekaranjiya, kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba."

"Rodi fa?"

"Ya tashi."

"Yashi?"

"Yashin da muke birgima a ciki a bakin rafi, yanzu sai ka roƙi mai tifa kamar surukinka."

"Mai duban nan da ya zo da faifansa ya nuna miki inda ƙofa za ta kalla, kyauta ya yi?"

"Yuan dubu biyu da zakara."

"To komai ya tashi, sai zagina ne zai zauna a tsohon farashi? Ni ma ina da iyali."

"Wane iyali? Kai da lofenka?"

"Shi ma ci yake yi."

"Na ji. Tulun giyar shinkafa ɗaya."

"Irin wadda kike ba leburori? Na ɗanɗana. Ruwan wanke tulu ya fi ta ƙarfi."

"Da cinyar alade mai hayaƙi."

"Da wane haƙorin? Ke kin san bishiyar da kika taɓa kuwa? Ranar da na dasa ta ko uwarki ba a haifa ba. Wani attajiri ya taso takanas daga birnin Changsha da baƙar mota, ya tsaya gabanta ya sunkuyar da kai, na ce ba ta sayarwa ba ce."

"Fitsari mutumin ya tsaya yi. Ga Kawu Bao nan, a gabansa aka yi."

Na ce su cire ni a ciki, ni wuyana ya ishe ni.

Lanfen ta canza salo. "Bishiyar ma da kake kuri da ita, a karkace take kamar bayanka. Kafinta da ya gan ta sai da ya nemi wuri ya zauna."

Na ga gashin bakin tsoho ya motsa. Zagin ya taso har leɓe, na rantse na gan shi da idona. Sai ya ja hayaƙi ya haɗiye abinsa.

"Gaskiya kika faɗa, 'yar kirki. Mai irin hankalinki ita ta dace da gida hawa uku. Mutum ɗaya, hawa uku! Na sama ko gilashi babu, na ji tsuntsaye har sun yi rabon ɗakuna."

"Biyu na yi niyya. Maƙwabtana 'yan gidan Shu suka ɗora na uku. In zauna suna leƙo mini tukunya?"

"A'a, ina! Ki ci tsawo ki ƙoshi."

Ta duba waya. Tara da rabi. Wasa ya fara fita daga muryarta.

"Kaka, don girmanka. Shekara goma sha biyu na zuba a gidan nan. Mutane sun taru, kowa ya kasa kunne. Kalma uku ma ta isa."

Tsoho ya ajiye lofe a gwiwa.

"Wata takwas kina gini. Sau nawa kika zauna a kujerar nan? Ta nan kike wucewa a babur, sai dai in ga ƙeyarki. Yau da kike son abu, ga ki har da tambayar ƙafa. Ina zaginki za ki tashi da gudu. To ni ba sauri nake ba."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Tun da matarsa ta rasu, in ba ni na leƙo ta katanga ba, sai ya wuni bai buɗe baki ba.

Lanfen ta ja kujerar ta zauna.

"Ka san inda kuɗin gilashin sama ya shige?"

"Jan baki."

"Ɗakin ƙasa na gabas. Ba matakala ko ɗaya, daɓe ba santsi, banɗaki a ciki, ga ƙarfen riƙewa a bango saboda tsoho ya daina faɗuwa."

"Wane tsoho?"

"Tsoho nawa gare ni? Na so sai an gama in zo in naɗe ka a bargo in kai ka, don na san taurin kanka."

Tsoho ya miƙe tsaye, lofe ya faɗi ƙasa.

"Ƙarfen riƙewa? Ni? Ni da nake hawa tudun nan da buhun shinkafa biyu?"

"Shekara arba'in da suka wuce. Bara wa aka ɗago a bakin rijiya?"

"Zamewa na yi, ja'ira! Ɓarauniya mai ƙafar sauro! Mai kai kamar kabewar da ta kwana a rana! Hannun da ya sare mini bishiya ya yi ƙaiƙayi shekara uku!"

Na duba hannuna.

"Ƙara, Kaka, ba a ji a can!"

Ta tashi da gudu, ya bi ta da sanda yana ɗingishi. Tun daga ƙofarsa har bakin ginin bai maimaita zagi ɗaya sau biyu ba. Ya zagi Lanfen, ya zagi gatarin, ya zagi mu huɗu ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayenmu, ya haɗa da mai tifar yashi da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mata suka fito suna tafi, kafinta daga sama yana ihu a kama igiya.

Da ya iso ya tsaya yana haki, ya kai ido ƙofar ɗakin gabas, ya daɗe yana kallo. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce ƙurar siminti ce.

"Bishiya kin sace, yanzu mai bishiyar za ki haɗa da shi," ya ce, sai dariya ta ƙwace masa. "Ki ji da kyau, ba na shiga sai da agwagina shida."

"Banɗakin naka ne, ka kwana da su in ka ga dama."

Azara ta fara tashi, naɗe da jan ƙyalle, tana lilo a jikin igiya. Tsoho ya ɗaga sanda ya daka wa kafinta tsawa.

"Kai mai hannun ɓera, a hankali! A ƙarƙashinta zan kwana."