Rigar Yallaɓai da Alayyafon Inna

Jama'a, yau na tashi da niyyar yi muku ƙorafin layin mai, don jiya wuni na yi riƙe da galan ina neman abin da zan zuba wa ɗan injin da ke jawo mana ruwa. To kafin in ɗauki biro sai ga direban Yallaɓai ya yi sallama, ya miƙo mini wata farar riga mai tabon shayi tun daga ƙirji har gwiwa, ya ce a wanke kafin jibi. Na san rigar nan, ita ma ta san ni. Ku gyara zama in faɗa muku yadda muka haɗu.

Ni sana'ata wanki da guga. Bahona uku, dutsen guga biyu, igiyar shanya ɗaya a bayan gida. Ruwan ɗauraya kuma ba na zubar da shi a kwata. Inna ce ke karɓa ta shayar da ɗan lambunta na bayan ɗaki, alayyafo layi huɗu da tumatir gindi shida. A nan muke samun ganyen miya shekara da shekaru. Babu kwamitin da ya kafa mana wannan tsari, ina jin shi ya sa har yau yake aiki.

Mako uku da suka wuce direban nan ya kawo kayan gidan Yallaɓai kamar kullum. Yallaɓai babban mutum ne, Allah ya ƙara masa girma, shi aka naɗa Shugaban Babban Kwamitin Wayar da Kan Talaka Game da Fasahar Nano. A cikin ƙullin kayan akwai wata sabuwar farar riga. Na tsoma ta a baho, ta ƙi jiƙa. Ruwa ya hau kanta ya dunƙule ya gangara kamar a bayan agwagwa. Na danna ta, ta taso. Na ɗora mata dutse na je na shanya wanduna, na dawo na ciro ta a bushe ƙamas.

Wanda ya koya mini aiki kuwa abu ɗaya ya fi nanata mini: tufar da ba ta sha ruwa ba, ba ta wanku ba, kuma sabon yadi yakan zo da taurin kamfani, sai an karya shi. Sai na naɗe hannun riga. Ruwan zafi, garin sabulu, buroshi, bugu a kan allo, tun hantsi har la'asar. Daga ƙarshe ta sallama, ta sha ruwa kamar rigar kowane talaka. Na ɗauraye ina jin daɗin kaina, Inna ta kwashe ruwan ta zuba wa layin farko na alayyafonta. Da direba ya zo karɓa na ce masa, "Na karya wa sabuwar nan taurin kai." Ya ce madalla, idonsa na kan wayarsa.

Da yamma nake ba wa maƙwabcina mai gyaran rediyo labari. Farfesa muke kiransa, don duk rediyon da aka kawo masa sai ya saurare shi kwana biyu kafin ya ce ya gyaru.

"Ɗan'uwa, ka yi aiki," in ji shi. "Nano ka wanke."

"Ni ban ga komai a jikinta ba."

"Ai ba za ka gani ba. Ɗauki silin gashin kanka ɗaya, ka tsaga shi gida dubu, ka ɗauki tsagi guda. Kusan haka girmansu yake. Shafa su ake yi a yadi don kada ruwa ko datti su kama shi."

"To da na wanke su, ina suka tafi?"

"Inda ruwan ya tafi mana."

Muka juya tare muka kalli lambun. Ashe Inna tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce daga ranar ba mai taɓa mata ganye ko ɗaya, ba layin farko kaɗai ba, duka huɗun.

"Abin da ko rariya ba za ta tare shi ba, ina ya san iyakar layi?" in ji ta. "Ni ba na sa abin da ban gani ba a tukunyata. Kai ka wanke, kai za ka je ka tambayo ko ana ci."

Kun san alayyafo ba ya jiran kowa. In ya wuce lokacinsa sai ya yi fure ya yi tauri, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Don haka washegari na sa rigata mai kyau na nufi ofishin kwamitin.

Gaskiya a yaba musu, sun yi ƙoƙari. Bene hawa uku, sababbin motoci bakwai a jere, furanni jajaye a bakin ƙofa. Duk wannan don abin da ba a gani da ido, ina ga da a ce ana ganinsa. Na iske sakatare yana cin gyaɗa. Na gaishe shi, na yi masa bayanin rigar da ruwan da alayyafon.

"Wannan aikin Ƙaramin Kwamitin Ruwa ne," ya ce.

"Suna ina, ranka ya daɗe?"

"Sun tafi ƙasar waje ganin nano."

Na ce to ko akwai na'urar da za a duba mini ganye ɗaya, ga shi na zo da shi a aljihu. Ya nuna mini wani ƙaton kwali a ƙarƙashin matakala, an ɗora masa butoci. Ya ce na'urar tana ciki, amma ba za a buɗe ba sai ranar bikin buɗe kwali, bikin kuma sai an kawo wuta, wutar kuma ba a ƙarƙashinsu take ba. Don kada in tafi hannu rabbana, ya ba ni hula mai tambarin kwamitin da takardar gayyata. Ya ce ranar babban taron wayar da kai za a amsa tambayar kowane talaka.

Ranar taro ni da Farfesa muka samu kujerun roba a layi na uku. An yi jawabai har rana ta juya. An ce nano zai tace ruwa, zai kai magani daidai inda ciwo yake, zai sa fenti ya daina kwailewa. Farfesa ya raɗa mini cewa wasu daga ciki gaskiya ne fa, masu faɗar ne kawai ba su san waɗanne ba. Can sai Yallaɓai ya miƙe, sai na ga rigar nan da na wanke a jikinsa. Na gane ta da karin gugar da na yi mata a hannu.

"Ku dubi rigar nan," in ji shi cikin lasifika. "Ba ta san mai wanki ba, kuma ba za ta taɓa saninsa ba. Zamanin baho ya wuce."

Kowa ya tafa, ni ma na tafa, don ban saba fita daban a cikin mutane ba. Sai ya ce a kawo masa kofin baƙin shayi. Nan na ɗaga hannu har hulata ta faɗi. Mai gabatarwa ya nuna ni ya ce, "Malam, tambayoyi sai ƙarshe." Na sauke hannuna.

Yallaɓai ya ɗaga kofin sama don masu hoto su ɗauka da kyau, ya juye shi a ƙirji. Rigar nan ta shanye shi tas, ko ɗigo ba ta bari ya kai ƙasa ba. Wurin ya yi tsit, ban da 'yan layin gaba da suka ci gaba da tafi, don ba a gaya musu inda za su tsaya ba. Amma ku ga girma. Nan take, yana ɗiga, ya sanar da kafa kwamitin binciken masu zagon ƙasa, aka kuma soke lokacin tambayoyi saboda dalilan tsaro.

A bakin ƙofa na tarar da wata mata da na gani can ƙarshen teburin manya, wadda ba a ba ta lasifika ba ko sau ɗaya. Tana tsaye da jakarta tana jiran motar haya. Farfesa ya ce ita ce mai binciken ta gaske. Na gaishe ta, na ciro ganyena da ya riga ya yanƙwane, na faɗa mata komai.

"Wane iri aka shafa wa rigar?" ta tambaye ni.

"Ba a rubuta ba, Malama."

"Abin da muke ta roƙo ke nan tun bara, a rubuta a jikin kaya. Nano ba abu ɗaya ba ne. Wani ba ya komai, wani yana iya cutar da ƙananan halittun cikin ƙasa, wani kuma har yau ba mu gama sani ba. Kai ya kamata a fara gaya wa, tunda hannunka ne a ruwan."

"To ana ci ko ba a ci?"

"Ban sani ba. Amma zan zo in gani."

Kuma ta zo. Ta tsuguna a lambun, ta ɗebi ƙasa da ganye a 'yan kwalabe, ta tambayi Inna bokiti nawa aka zuba kuma a ina. Ta ce layin farko a tumɓuke a bar wurin har sai ta aiko da sakamako, sauran ukun da ruwan bai taɓa ba a wanke da kyau a ci. Inna ta tumɓuke da hannunta. Da baƙuwar ta tafi sai ta ce mini, "Duk cikinsu ita kaɗai ce ta ce ba ta sani ba, ita kaɗai kuma na yarda da ita." A ranar muka ci ganye, ya ɗan tsufa amma ya ciyu.

Yanzu ga rigar ta dawo hannuna da tabonta. Na ware mata baho na huɗu, na sa masa suna bahon manya. Ruwansa ba zai je lambun Inna ba. A jarka zan ɗura shi in kai wa furannin bakin ofishin kwamitin, don na taɓa su ranar da na je, na roba ne, ba abin da zai same su.

Direba ya ce kwamitin binciken zagon ƙasa ya zauna sau huɗu a wani babban otal, ya gayyaci masana da 'yan kwangila, har yau bai nemi mai wanki ba. Ga shi na rubuta komai da hannuna a jarida, amma hankalina kwance yake. Maganar talaka ta fi tsagin gashin nan ƙanƙanta, na'urar da za ta nuna musu ita kuma tana cikin kwali a ƙarƙashin matakala.