Kwatar da Marigayi Ya Haƙa

"Lafiya lau muka kwana, kafin ka shigo mana da wari," in ji tsohuwar.

Jikanta ya durƙusa a bakin ƙofa, shebur a hannu. Shi ne mai kula da tafkunan tace ruwan datti da aka gina a bayan gari, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke ratsa tsakuwa da yashi da ciyawa, ya fito garau kafin ya shiga rafi. Kowane gida ya haɗa bututunsa, sai nata. Kwatarta har yau kai tsaye take zubawa rafi, a saman inda mutane ke ɗiba. Yau ya zo ne don ya cike ta, ko da yake ya san halin kakarsa.

"Haba amarya, haka ake tarbar miji?"

"Wane miji? 'Ya'yan mutane sun yi karatu sun zama likitoci, kai ka zama sarkin kwata. Ni na sake ka."

"Mace ke saki? Ke da ba ki da haƙori ko ɗaya, in na tafi wa zai kwasa?"

"Gara in zauna haka da mai gadin ruwan wanki. An ce har hira kake da kwaɗi."

"Sun fi ki jin magana."

Ta kai masa duka da mafici, ya kauce. Sai idonta ya sauka kan shebur ɗin, fara'ar ta gushe.

"Mayar da abin nan inda ka ɗauko. Kakanka ya haƙa kwatar nan da hannunsa, shekarar da aka kawo ni. Ɗakinsa ya rushe, gonarsa an raba. Ita kaɗai ta rage tana aikin da ya sa ta. In na zuba ruwa da safe, hanyar da ya nuna masa yake bi."

Bai taɓa sanin haka ba. Tausayinta ya kama shi, har ya ji kunyar shebur ɗin da ya riƙe. Amma abin da ya gani jiya bai bar shi ya tashi ba.

"Kaka," ya ce, a hankali, "jiya an kai 'yar tela asibiti, amai da gudawa. A gangaren kwatar nan suke ɗiban ruwan sha."

"Ƙaramar nan da ke kawo mini zare?"

"Ita."

Tsohuwar ta tsura ido ga baƙin ruwan da ke bin gindin katanga. Can ta dafa bango ta miƙe.

"Tsohon nan da yana nan, da shi zai fara zagina. Kawo shebur."

"Ke? Ki karye a ce ni na kashe amaryata?"

"Rufe mini baki, mai hannu kamar na jariri."

Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta. Shebur ɗin ya fi ƙarfinta, sai ta sunkuya ta ɗebi ƙasa da tafin hannu, ta zuba a bakin kwatar.

"Ranar da aka kai shi, ina ɗaki, ban zuba masa ƙasa ba," ta ce. "To, ga tawa. Ƙarasa, mijin banza."