Yadda Za Ka Yi Arziki da Tikitin Damben 'Yar Mutane

Kai mai son kuɗi ba gumi, matso. Ni ce Bana Nkandu, wato uwar Nkandu, mai busasshen kifi a kasuwar Matero. Ban yi boko ba, maƙwabciyata Amake Tisa ce ke rubutawa, na ce ta sa har da zagin. Bi matakan nan, na rantse kafin wata ya mutu za ka sayi takalmi mai tsini da agogon da ba ya tafiya, irin na Chomba ɗan cuwa-cuwar tikiti. A hannunsa na koya, kyauta kuma nake rabawa, don duk Lusaka ta iya sana'ar, shi kuma ya rasa abin yi.

Mataki na 1: Kada ƙafarka ta taka layi

A tagar sayar da tikitin dambe, huɗu kawai ake sayar wa mutum ɗaya, kwacha ɗari-ɗari. To nemi tsofaffin mata, su masu gadi ke turawa gaba. Ka zo da murmushi kamar yadda Chomba ya zo rumfata yana kirana Mayo, wato Uwa a yarenmu.

"Mayo, duk kasuwar nan babu mai fuskar coci irin taki. Zo ki taimaki ɗanki."

"Ɗana bai kai ka muni ba. Nawa?"

Kwacha talatin da lemon kwalba. Mu goma sha biyu muka tashi.

Mataki na 2: Tanadi zani da ɗankwali

Tsohuwa ɗaya, in ka iya lissafi, tsofaffi uku ce. Ta saya, ta zagaya bayan mota, ta sake zani, ta dawo da ɗingishi. A zuwana na uku mai taga ya tsura mini ido.

"Mayo, ba yanzu kika tafi ba?"

"Yayata ce waccan. Ba ka ga ta fi ni baki ba?"

Muka yi ta dariya har Amake Tisa ta zauna a kwata. Kafin rana ta take, taga ta rufe, tikiti ya ƙare ƙaf. Mu muka ƙarar da shi, muna tafi.

Mataki na 3: Kada ka faɗa musu na mene ne

Masana sun tabbatar tsohuwar da ta san abin da take saye tana neman ƙarin lemo. Da na tambaya, cewa ya yi, "Wasu ne za su daki juna ranar Asabar." Na ce su ƙarata.

Ran Asabar da safe 'yata Nkandu, wadda shekara biyu take ce mini koyon ɗinki take zuwa, ta durƙusa gabana ina tuƙa tuwon masara.

"Mayo, ba ɗinki ba ne. Dambe nake. Yau ƙarfe uku zan hau, ni ce ta farko. Ki zage ni gobe, amma yau ina so ki gani."

Ashe shi ya sa tun da ta fara ko siket ɗaya ban gani ba, sai damtse! Na ɗaga muciya, na ajiye. Ta ce, "Ki je taga, ɗari ne kawai." Na koma kan tuƙina. Na san wadda ta kwashe tagar.

Mataki na 4: Kalli idon mai saye, kada ka kalli aljihunsa

Wanda ya zo yana hamma, ɗari biyu. Wanda ya zo da budurwa, ɗari huɗu, ba zai yi ciniki a gabanta ba. Wadda ta zo da gudu cikin zanin coci tana cewa 'yata ce, 'yata ce, wannan Allah ne ya kawo maka.

"Ɗari shida, Mayo."

"Chomba! Da hannuna na sayo shi!"

"Na gode kuwa. Kasuwa ce ta tashi, ba ni ba."

"Za ka ga tashi."

Mataki na 5: Ji tsoron ƙararrawa

Ga abin da ba ya so a sani. Tikiti kifi ne ɗanye. Da an buga ƙararrawar farko ya fara wari, da an tashi ko ƙunshin gyaɗa ba za a yi da shi ba. Don haka ka sayar kafin uku, kuma kada ka bari mai kifi ta tsaya kusa da kai.

Na kira matan nan goma sha ɗaya. Muka kewaye shi kamar ana bikin kai amarya. Duk wanda ya zaro kuɗi sai na riƙe masa hannu.

"Ɗana, mayar. Tikiti arba'in suka rage a aljihunsa, ni na san su. Jira uku ta buga."

Mutane suka jira. Wani ma ya sayo rake ya zauna. Chomba ya ce ɗari biyar, muka rera waƙar coci. Ya ce uku, Amake Tisa ta yi guɗa. Gumi ya jiƙa masa riga, yana ta duba agogon da ba ya tafiya. Sai ƙararrawa daga ciki, ƙarrr!

"Ɗari! Ɗari, ku karɓa!"

"Hamsin."

"Mayo, ki ji tsoron Allah!"

"Kasuwa ce ta faɗi, ɗana."

Mataki na 6: In ka riƙe uwa a ƙofa, ka fara tambayar nauyin hannun 'yar

Na fizge tikiti, na yar da takalmi, na haye matakala ina ture maza. Na tarar zaure ya kaure da ihu, wata ƙatuwa kwance tana ƙirga fitilu, alƙali ya ɗaga hannun Nkandu sama. Daƙiƙa arba'in! Naushi ɗaya, aka ce, irin wanda ba a taɓa gani ba. Kowa ya gani, har mai sayar da ruwa. Ni kaɗai, da na yi naƙudar hannun nan kwana biyu, ban gani ba.

Ta hango ni daga sama. "Mayo! Kin gani?"

Na yi tsalle na ce, "Na ji ƙararsa!"

Gargaɗi

Wanda ya bi matakan nan ya yi asara, ko aka yage masa riga, ko tsofaffi suka rera masa waƙa, ba ruwan Bana Nkandu, ba ruwan mai rubutu. Kai kuma Chomba, ba kuɗi nake nema ba, riƙe lemonka. Naushin nan nake so in gani da idona. Na faɗa wa Nkandu dalilin makarata, ta ce ba komai, za ta maimaita mini shi a hankali. Ta tambayi inda kake zama. Ni tsohuwa ce, ban iya ɓoye magana ba.