Zanen Tibi a Kujerar Keke

"Ina kwana, Mama Dorcas? Ya kwanan masu cinye shanun mutane?"

Gidado ke nan, Bafulatanin da ke kai ta kasuwar Kakuri a kekensa mai ƙafa uku kowace safiya. Tsakanin Fulani da Tibi wasa ne tun kaka da kakanni, ita kuwa Mama Dorcas, 'yar Tibi, ba ta barin ta kwana. Har ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya sauka kan kujera. Gidado ya lulluɓe kujerar da sabon zane mai ratsin baƙi da fari, irin na Tibi. Da irinsa aka rufe mahaifinta, ba za ta iya zama a kai ba.

"Kai ɗan nagge, wa ya ba ka wannan?"

"Saya na yi. Ƙauna ce, Mama. Duk Kaduna ba mai yi muku talla kamata."

"Talla a ƙarƙashin ɗuwawun fasinja?"

"To ku fa? Ba 'yarki Becky ce ta sha kayan Fulani ta yi hoton aure da ƙwarya ba? Yarinyar da ko akuya ta gani sai ta ruga."

"A ka ta ɗora ƙwaryar. Ka ga ta zauna a kanta?"

Gidado ya ƙyalƙyale da dariya, ita kuwa ta saɓa jakarta, wai gara ta taka da ƙafa. Da ya ga ba wasa a fuskarta sai ya kashe keken. Ta rage murya ta gaya masa cewa a wurinsu wanda aka girmama ake yafa wa zanen nan, da mamaci in babba ne.

Kunya ta rufe shi. Ya rantse bai sani ba, ya kwance zanen, ya kakkaɓe, ya miƙa mata da hannu biyu. Tausayinsa ya kama ta. Ta warware zanen ta yafa masa a kafaɗa.

"Nan ne wurinsa. Sai dai kafaɗar ce babu, ƙashi zalla."

"Na sallama, Mama. Yanzu na zama ɗanku ke nan?"

"Sai ka tashi da malmalar sakwara uku tukuna. Ka zo gida ran Lahadi, da shi a kafaɗa."

Ta haye yagaggiyar kujerar, soso duk a waje, ta ce ya ja su tafi.